KANKARAR FUSKA DA ASKAR TIYATA: KI KARANTA KAFIN KI KWANTA A GADON MAI GYARAN JIKI



 Darasin yau a kan fata yake, kuma yana da ɗan tsawo. Don Allah ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki tura wa wata.

In kina zaune a Barnawa, Narayi, Kakuri, Makera, Nasarawa ko Sabon Tasha, ko kuma kina tsallako gada ki zo nan gyaran jiki, da wuya a ce ba ki ci karo da sabon yayin nan ba. Ana kwantar da mace a gado, a ɗauko 'yar siririyar aska irin ta ɗakin tiyata, a riƙa bin fuskarta a hankali ana kankarewa, wani farin gari-gari da laushin gashi suna taruwa a bakin askar. In an gama sai a haska fitila a ɗauki bidiyo, fuska tana sheƙi kamar tangaran. A TikTok da Instagram sunansa damafilenin. Mu a nan kankarar fuska za mu ce masa, don abin da ake yi ke nan.

Shi bidiyon a ranar ake ɗaukarsa. Yadda fuskar ta koma bayan sati biyu, ba a cika nuna miki ba. A kan wannan za mu yi magana.

*YAYA AKE YIN SA?*

Ana amfani da askar tiyata, galibi mai lamba 10. Mai yi za ta ja fatar da hannu ɗaya ta miƙe, ta karkata askar kamar digiri 45, ta riƙa gogawa gajere-gajere daga goshi zuwa kumatu zuwa haɓa. Aikin yakan ɗauki minti 20 zuwa 30. Abu biyu ne ke fita: matattun ƙwayoyin saman fata, da laushin gashin nan da kowace mace take da shi a fuska, wanda ba a gani sai an matso kusa.

Gaskiya ɗaya ce, in hannu ya ƙware kuma fata lafiya lau take, mata da yawa suna yi su tashi ba abin da ya same su. Fuska takan yi santsi, hoda ta zauna daram. Amma amfanin na sati uku ne zuwa huɗu, daga nan gashi ya dawo, fata ta koma yadda take. Ba ya maganin ƙuraje, ba ya cike ramin tabo mai zurfi, ba ya sa mace ta yi fari. Duk wadda ta ce miki yana yi, talla take yi.

Don ki san abin ba na wasa ba ne: a jihar Kalifoniya ta Amurka, sai a shekarar 2022 doka ta sanya wannan aiki cikin abin da masu lasisin gyaran fata za su iya yi. To mu a nan fa? Wata kwana uku ta yi tana kallon bidiyo a waya, ta sayi aska a kemis, ta buɗe shago.

*ABIN DA AKE KIRA DATTI, GARKUWA CE*

Farin garin nan da ake nuna miki a bakin aska ana cewa "kin ga dattin da ya fita", ba duka ne datti ba. Allah cikin hikimarSa Ya lulluɓe fata da wani shimfiɗi na matattun ƙwayoyi haɗe da maiƙo, bai kai kaurin takarda ba, amma shi ke riƙe danshi a ciki, shi ke tare ƙura da ƙwayoyin cuta da sinadarai a waje. Fata da kanta take zubar da tsohon tana kawo sabo, kusan duk sati huɗu. In an kankare shi da aska, an buɗe ƙofa ke nan, kuma sai an yi kwanaki kafin ta rufu.

Yanzu ki tuna inda kike. Kin fito daga shago da ɗanyar fuska, kin shiga keke napep a titin Kachia ko ta wajen Kudenda, ga hayaƙin tirela, ga ƙura, ga janareto a kowane lungu. In hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska busasshiya tana zuƙe ɗan danshin da ya rage. In watan Maris ne ko Afrilu, rana tana dukan fatar da aka cire wa mayafi. In kin koma gida kuma ga murhu ko gawayi yana jiran ki. Baturiyar da kika gani a bidiyo, daga ɗaki mai sanyi ta shiga mota mai sanyi. Ba hali ɗaya kuke ciki ba.

*ƘANANAN ILLOLI DA AKA SABA GANI*

Waɗannan ko a hannun ƙwararriya suna faruwa:

▪️ Raɗaɗi da zafi-zafi na awanni, wani lokaci har kwana biyu.
▪️ Fuska ta yi ja ko ta ɗan kumbura. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai ki ga wurin ya yi duhu ko ki ji yana ɗumi.
▪️ Bushewa da saɓa, musamman da sanyi.
▪️ Ƙananan ƙuraje masu farin kai bayan kwana ɗaya ko biyu.
▪️ 'Yar yanka a haɓa, gefen hanci ko saman leɓe, inda fuska ba ta miƙe ba.

Yawancinsu suna wucewa da kansu cikin 'yan kwanaki. Matsalar ita ce abin da suke bari a baya.

*BAƘIN TABO: BABBAR MATSALAR IRIN FATARMU*

Nan ne ya kamata ki nutsu. Fatarmu tana da yawan sinadarin launi, kuma ƙwayoyin da ke samar da shi masu saurin fushi ne. Duk inda fata ta ji ciwo, ko ƙurji ne, ko ƙuna, ko gogar aska, sai su zubo launi fiye da kima a wurin. Shi ya sa ɗan ƙurji ɗaya zai fito miki ya warke cikin kwana biyar, amma baƙin da ya bari ya yi wata shida yana nan. In launin ya nutse cikin fata sosai, yana iya haura shekara.

To ki ɗauka an bi fuska gaba ɗaya da aska, hannu ya ɗan yi nauyi, ko an maimaita wuri ɗaya sau uku don a burge ki. Ranar za ki ga haske. Bayan sati biyu sai kumatu su fara dabbare-dabbare, goshi ya yi duhu, gefen baki ya yi kamar an shafa toka. Rana kuma tana ƙara masa. Daga nan me ke biyo baya? Sai a koma wajen mai shagon, ta haɗo wani mai "na goge tabo", wanda sau da yawa man bilicin ne. An fita daga rami an faɗa rijiya.

Akwai kuma masu jikin da tabonsu ke tasowa. Kin san irin wadda aka huda wa kunne ya yi ƙullutu kamar goro, ko aka yi wa tiyata wurin ɗinkin ya kumbura yana ƙaiƙayi? Wannan ya fi yawa a baƙar fata, kuma yana bin dangi. Ga mai irin wannan jiki, 'yar yanka a gefen muƙamuƙi tana iya zama ƙullutun da za a yi ta zaryar asibiti a kansa. In ke ce, ko akwai shi a gidanku, ki nisanci aska a fuska kwata-kwata.

*IN KINA SHAFE-SHAFE, WANNAN NAKI NE*

Ba gori ba ne, nasiha ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ya ambaci cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da mayukan ƙara hasken fata. A 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin bilicin a matsayin abin da ke buƙatar matakin gaggawa. Ke nan a cikin matan da ke kwanciya a gadon kankara, masu shafe-shafe ba kaɗan ba ne, wasu ma ba su san man da suke shafawa na bilicin ba ne, tunda "haɗi" ne aka ba su a roba ba suna.

Ki ɗauko kwalin manki ki duba. In kin ga an rubuta Clobetasol ko Betamethasone, wannan sitiroyid ne, maganin asibiti ne da ake shafawa na ɗan lokaci bisa umarnin likita. In an daɗe ana shafa shi a fuska yana sirantar da fata har jijiyoyi su riƙa nunawa, yana kawo ƙuraje, yana hana ciwo saurin warkewa, yana rage ƙarfin fata na yaƙar ƙwayoyin cuta. In kin ga Hydroquinone, shi kuma daɗewa a kansa yana kawo wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a saman kumatu da ke da wuyar magani. Wasu mayukan da sabulai kuma har zaiba ake sa musu, wadda ke taɓa ƙoda.

Ga wani abu da mata da yawa ba su sani ba: shi kansa man sitiroyid yana sa gashi ya tsiro a fuska. Sai mace ta ga gashi ya yi mata yawa a kumatu, ta tafi a kankare. Wato man da ya kawo gashin shi ne ya riga ya cinye fatar da za a ɗora wa aska. Irin wannan fata ba ta jure abin da lafiyayya ke jurewa. Tana yagewa, tana jini, ta daɗe ba ta warke ba, ta bar tabo. In kina cikin wannan hali, likitan fata kike buƙata, ya nuna miki yadda za ki janye daga man a hankali, don daina shi farat ɗaya ma yana tayar da fuska.

*ASKA DA JINI*

Iyayenmu sun san wanzami da askarsa tun kafin a haifi masu TikTok: aski, ƙaho, kaciya, cire beli. Da aka yi ta wayar da kai a kan ƙanjamau, mutane suka koyi zuwa da rezarsu wajen mai yankan farce, maza suka fara sayen injin askinsu. To wannan darasin bai tsufa ba don shago ya sa fitilu masu kyau da labule mai tsada.

Abin da ya fi ban tsoro a nan shi ne ciwon hanta nau'in B. Babban binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da shi, kuma akasarinsu ba su sani ba, don yana iya shekaru bai nuna alama ba yana cin hanta a ɓoye. Ƙwayarsa tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe aƙalla kwana 7, kuma ta fi ta ƙanjamau saurin kamawa nesa ba kusa ba. Ba sai kin ga jini yana zuba ba. 'Yar ƙujewar da ido ba ya gani ta isa. Nau'in C ma ta jini yake bi.

Goge aska da sifirit ko ratsa ta a wutar laita bai wadatar ba. Hanya ɗaya ce: sabuwar aska a cikin ledarta, a yage a gabanki, a jefar bayan an gama. Mariƙin askar ma, in na ƙarfe ne, sai an tsabtace shi yadda asibiti ke yi. Tawul, soso da safar hannu, kowace mace da nata.

Ciwon hanta nau'in B yana da rigakafi, allura uku ce. A 2004 aka shigar da ita cikin rigakafin yara a Najeriya, ke nan in an haife ki kafin lokacin, mai yiwuwa ba a yi miki ba. Ki je a gwada ki, in ba ki da shi ki karɓi allurar, ko za ki yi kankara ko ba za ki yi ba.

Ban da wannan, askar da ta bi ta kan ƙurji mai ruwa tana kwashe ƙwayoyin cutar ta shafa wa sauran fuska. Haka ƙurajen zazzaɓin nan da ke fitowa a leɓe, gogar aska tana iya tayar da su ta baza su. Haka 'yan tsiron fata masu yaɗuwa, sai ki ga sun jeru a layin da askar ta bi.

*WAƊANDA BAI KAMATA SU YI BA*

1. Mai ƙurajen fuska da ke ɗanye, ko maruru, ko wani buɗaɗɗen ciwo.
2. Mai kyasbi, ƙaiƙayi, borin jini ko kowace cutar fata da ke tashe a lokacin.
3. Mai ƙurjin leɓe, ko wadda yake yawan fito mata.
4. Mai tabon da ke tasowa.
5. Mai shafa man bilicin ko "haɗin" da ba ta san abin da ke ciki ba.
6. Wadda ta sha maganin ƙuraje mai ƙarfi irin su Roaccutane cikin wata 6 da suka wuce.
7. Mai shan maganin tsinka jini kamar wafarin ko asfirin na kullum, da mai matsalar daskarewar jini.
8. Mai ciwon suga da bai daidaita ba, da duk wadda garkuwar jikinta ta yi rauni.
9. Mai tawadar Allah da ta taso, ko 'yan baƙaƙen tsiron nan da ke fitowa a kumatu da wuya. Aska tana fille su.
10. Wadda rana ta ƙona, ko aka yi wa halawa ko wankin fuska da sinadari cikin satin.

Mai juna biyu kuma ta yi hattara. Ita askar ba ta taɓa ciki, amma fatar mai ciki tana saurin yin duhu, kuma wasu sinadaran da ake shafawa bayan kankara ba su dace da ita ba.

*WAI GASHIN ZAI DAWO DA KAURI?*

Wannan tambaya tana yawan zuwa. Amsa: a'a. Aska tana yanke gashi ne a saman fata, ba ta kai ga saiwarsa ba, ita kuwa saiwa ita ke yanke kauri da launi. Tun a 1928 wata masaniya a Amurka mai suna Mildred Trotter ta gwada wannan ta tabbatar aski ba ya ƙara wa gashi kauri ko saurin tsiro, wani binciken na 1970 ya sake samun haka. Abin da ke faruwa shi ne, gashin da aka yanke bakinsa dakusasshe ne, in ya fara fitowa sai ki ji yana ɗan suka a hannu.

Amma ki lura da wannan. In gashin da ke damun ki baƙi ne mai kauri, a haɓa ko saman leɓe irin na maza, wannan wata magana ce daban. In ya haɗu da rikicewar al'ada, ƙiba, ƙuraje ko jinkirin samun ciki, yana iya zama alamar matsalar sinadaran jiki da ke shafar ƙwan mace, wadda ke samun kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa, kuma da yawa ba a gano musu ba. Kankarewa duk wata ba za ta taɓa tushen ba. Likitan mata za ki gani. Shi kuma irin wannan gashi mai kauri da murɗewa, in an aske shi yakan lanƙwashe ya koma cikin fata, ya kawo irin ƙurajen askin da ke damun maza, kowanne kuma ya bar baƙin tabo.

*AMARYA DA UWAR AMARYA, KU SAURARA*

Gyaran amarya na gargajiya da muka samo ta hanyar Maiduguri da Sudan, dilka da halawa da kurkum da turare, shi ma gogar fata ne. Dilka tana murje matacciyar fata, halawa tana tuge gashi har da saman fata. In aka yi wa yarinya dilka kwana bakwai a jere, aka bi da halawa, aka kawo aska ana gobe kamu, sannan mai kwalliya ta zo ta lafta hoda kala-kala da burushin da ta yi wa amare goma aiki da shi, me kuke tsammani? Ranar ɗaurin aure fuska tana raɗaɗi, satin farko a ɗakin miji ƙuraje sun feso, wata na biyu ga tabo.

In dole sai an yi, a yi gwaji wata biyu kafin biki don a ga yadda fatarta ke karɓa. Na ƙarshe kada ya gaza kwana 10 zuwa sati biyu kafin a fara hidima. Kada a haɗa shi da halawar fuska ko dilkar fuska a sati ɗaya. Kuma ranar biki ba ranar gwada sabon abu ba ce. Haka yake ga masu shirin Sallah, da maƙwabtanmu masu shirin Kirsimeti da bukukuwan Disamba, lokacin da shaguna ke cika, masu yi suna sauri, hunturu kuma yana kan ganiyarsa.

*TA FUSKAR ADDINI FA?*

Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya yarda da shi, da Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya zo da tsawatarwa mai tsanani a kan namsu. Malamai sun yi saɓani a kan iyakarsa. Wasu sun taƙaita shi ga tsige gashin gira, wasu sun ce ya game gashin fuska. Imam Ɗabari yana cikin masu tsanantawa. Imam Nawawi ya ce in gemu ko gashin baki ya tsiro wa mace, cire shi abin so ne, a wajen malaman Malikiyya ma sun ce ta cire. Hanbaliyya kuma sun bambanta tsigewa da askewa, suka sassauta a askewa.

Abin da ya fi kusa da ittifaƙi shi ne gira. Ki sani masu kankara sukan zarce su "gyara" gira ba tare da sun tambaye ki ba, don haka ki faɗa tun farko. Ki kuma tabbata mace ce za ta yi miki, a wuri mai sutura, kuma ba za a ɗauki fuskarki a watsa a intanet don talla ba. Game da laushin gashin kumatu, ki tambayi malamin da kika amince da iliminsa. Sannan ki riƙe ƙa'idar da babu saɓani a kanta, cewa Shari'a ba ta yarda mutum ya cutar da kansa ko ya cutar da wani ba. Jiki amana ne.

*IN KIN YANKE SHAWARAR YI*

Kafin ki kwanta, ki duba waɗannan:

✅ Ta tambaye ki man da kike shafawa, magungunan da kike sha, da ko kina da wata cuta? In ba ta tambaya ba, ki ɗauki jakarki.
✅ Ta duba fuskarki a haske sosai? Ƙwararriya tana iya ce miki "Hajiya, yau ba zan yi miki ba." Wadda ba ta taɓa mayar da kowa ba, kuɗi take nema.
✅ A ina ta koya, wa ya koya mata, ta daɗe tana yi?
✅ An yage sabuwar aska a gabanki? Ta wanke hannu ta sa sabuwar safa?
✅ Me za a shafa miki bayan an gama? Ki ce a nuna miki robar. Kada ki yarda a bi da ruwan ɓare fata ko "haɗin haske" a ranar, don ƙofa a buɗe take, komai zai shige fiye da kima.
✅ Kada ki maimaita kafin sati huɗu.

Kuma don Allah kada ki ce za ki sayi askar tiyata ko rezar Tiger ki yi da kanki a gaban madubi.

*BAYAN AN YI*

Kwana uku na farko, ruwa mai ɗan sanyi da sabulu marar ƙarfi kawai, da hannu, ba soso. Ki shafa mai marar turare, basilin fari ko man kaɗe mai tsabta kaɗan, in fatarki ba mai yawan ƙuraje ba ce. Ki bar hoda na kwana ɗaya zuwa biyu. Ki guji rana, tururi, surace da zama kusa da wuta. In za ki fita, ki shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, ki sa mayafi ko niƙabi mai tsabta, wankakke.

Mun san 'yan wannan zaure da son habbatus sauda, zuma, tafarnuwa da khal. Kowanne da wurinsa, amma ɗanyar fuska ba wurinsu ba ce. Man habbatus sauda yana tayar wa wasu fata har ta yi ƙuraje masu ruwa. Lemun tsami, tafarnuwa da khal suna ƙona ta, lemun tsami ma in ya haɗu da rana baƙin tabo yake bari. Makilin da bakin hoda da toka kuwa, kada ma ki fara. Ki bari sai bayan sati guda fata ta rufe, sannan ki gwada kowane abu a bayan kunne tukuna.

*YAUSHE ZA KI TAFI ASIBITI?*

▪️ Zafi ko kumburi yana ƙaruwa bayan kwana biyu maimakon raguwa.
▪️ Ruwa, mugunya ko ɓawo mai launin zuma ya fito.
▪️ Ƙuraje masu ruwa sun taru wuri ɗaya suna zugi.
▪️ Zazzaɓi, ko kumburi ya doshi ido. Wannan na gaggawa ne, ko da dare ne.
▪️ An yanke ki da askar da kike zargin an yi wa wata amfani da ita. A nan kada ki kwana. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, na ciwon hanta kuwa an fi so cikin awa 24.

A wannan ɓangaren na gari akwai Asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard a Kakuri, da babban asibitin Sabon Tasha. In ana buƙatar likitan fata, akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a tsallaken kogi, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Ki tafi da duk man da kike shafawa, ki faɗa wa likita gaskiya. Kada ki tsaya a kemis a ba ki tub mai haɗi uku, yawancinsu sitiroyid ne a ciki, zai lafar da abin kwana biyu ya dawo da wanda ya fi shi.

*GARE KU MASU SANA'A, DA KU MAZAJE*

'Yar uwa mai shago, sana'arki halal ce, Allah Ya sa albarka. Amma fuskar da aka miƙa miki amana ce, kuma za a tambaye ki. Kuɗin sabuwar aska bai kai hakkin hantar mutum ba. Ki nemi horo na gaske, ki yi wa kanki rigakafin ciwon hanta tunda ke ma askar tana iya yankar ki, ki tanadi robar zuba tsofaffin asake mai murfi don kada yara masu tsince-tsince a bola su ji ciwo. In kin ga fatar da ba ta dace ba, ki faɗi gaskiya ko da cinikin zai wuce ki.

Kai kuma maigida, da kai ango, sau da yawa don ku ake wannan wahala. In kana yaba matarka yadda Allah Ya halicce ta, ka daina nuna mata fuskokin da waya ta wanke, rabin matsalar ta kau. In ta nemi kuɗin gyara, ka tambayi me za a yi, a ina, wa zai yi.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya tsare mu daga cutar da muka sani da wadda ba mu sani ba, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.

A tura wa amare, iyayensu da masu gyaran jiki. Mai tambaya ta turo, za mu amsa a darasi na gaba in sha Allah.

Wassalamu alaikum warahmatullah.